Gwaggo Tani da Jakar Iya

Duk wanda ya shiga ɗakin Gwaggo Tani a Daudawa, kafin idonsa ya kai kan gado ko jeren kwanuka, jakunkuna zai fara gani. Jakunkunan hannu ne na mata, na fata zalla, tsofaffi, guda arba'in da uku, kowace a kan ƙusarta. Guda ɗaya ce tata a ciki. Sauran duk na matan danginmu ne, masu rai da waɗanda suka riga mu. A danginmu in jakar mace ta tsufa, maratayinta ya tsinke ko fumfuna ta kama bakinta, ba a yar da ita, Daudawa ake aikawa da ita. Gwaggo kuwa in ta gama gyara, sai jakar ta yi kyan da mai ita za ta ji nauyin sake shiga kasuwa da ita, ta ce a bar ta can dai, ta fi samun gata. Da haka bango ya cika.

'Yar baduku ce. Mahaifinta, Malam Yahuza, a bakin kasuwar Kankara ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin gafaka da takalma da kuben wuƙa. A gidansu ba a koya wa mace dukanci, shi ma bai koya mata ba. Zama kawai take yi a gefe wai tana tsince wake, ido na kan hannunsa, har ranar da ya dawo daga masallaci ya tarar an ƙarasa masa ɗinkin wata zabira. Ya juya ta, ya sake juyawa, daga ranar ya daina ɓoye basillarsa. Aure ne ya kawo ta Daudawa, gidan Malam Yahya manomin auduga, ta zo da basilla ɗaya da wani dutse mai santsi a cikin kayan ɗakinta.

Aikinta yana da ƙa'ida, kuma ba ta yi wa kowa sassauci. In jaka ta iso, sai ta shimfiɗa farin ƙyalle ta zazzage ta a kai. Abin da ya faɗo ba nata ba ne, don haka ba ta zubarwa: busasshen goro, tsinken kwalli, katin asibiti, maɓallin da ba a san rigarsa ba, har haƙorin wata baiwar Allah ya taɓa faɗowa. Duk za ta ƙulle su a tsumma ta mayar in ta gama. Sannan ta bi lungunan jakar da gashin zakara, ta goge fumfuna da ɗan ruwan lemun tsami a auduga, ta ajiye ta a inuwa. Inuwa fa. Wanda duk ya kai mata jaka rana, ranar zai ji muryarta har bakin titi. In jakar ta sha iska kwana biyu, sai ta narka man kaɗe a tafin hannunta, ta riƙa shafawa sannu-sannu kamar mai shafa wa jinjiri, ta bi da dutsen nan tana murzawa har fata ta ɗauki ƙyalli. Zif ɗin da ya ƙi tafiya kyandir take goga masa. Daga ƙarshe ta cusa wa jakar gurzajjiyar auduga don kada cikinta ya lotsa, ta jefa busasshen ganyen bedi saboda ƙwari. Sau ɗaya ta yi kuskuren cusa auduga da anguryarta, ɓerayen unguwa suka kwana suna shagali. Tun daga nan Malam Yahya da kansa yake tsince mata.

Inda mutane suka fi yi mata dariya shi ne wajen ratayewa. Gwaggo ba ta jera jakunkuna bisa launi ko faɗinsu, bisa girman masu su take jerawa. Jakar ƙanwa ba ta hawa sama da ta yayarta. Jakar matar ɗa ba ta zama kusa da ta surukarta, in kuma wuri ya matse sai a juya fuskarta bango saboda kunya. Akwai jakunkuna biyu da masu su suka mutu ba sa magana da juna a kan wata kaza. Waɗannan ta raba su, ta sa ta Inna Mairo a tsakani, don Inna Mairo kurma ce, ba abin da zai dame ta. Wata rana Malam Yahya ya dawo daga gona a gajiye, ya rataye hularsa a kan ƙusar da jakar uwar matarsa take. Gwaggo ta rafka salati, ta rufe fuska da mayafi. Shi ma da ya ga abin da ya aikata, ya fizge hular ya fita ko takalmi babu, sai da aka kwana uku ya iya leƙo ɗakin.

Can sama da kowa, dab da azara, jakar Iya take. Iya Sa'adiya kakar su Gwaggo ce, uwar Malam Yahuza, kuma ita ce ungozomar dangi, duk jikokinta a hannunta suka faɗo. Jakar jar fata ce, rinin karan dafi, da tuntaye shida a gindinta. Mijinta ne ya ɗinka mata tun ba a haifi ko ɗaya daga cikin masu rai na yanzu ba. Da za ta rasu ta bar magana ɗaya tak: jakar ta babbar jikarta mace ce, in wannan ta tafi, sai mai bi mata. Babbar a lokacin Hajiya Nana Khadija ce ta Sabuwa, ita kuwa tana karɓa ta miƙa wa Tani ajiya. Shekara ashirin da tara jakar tana hannun Gwaggo. Duk Juma'a sai ta jawo turmi ta hau ta sauko da ita, ta shafa mata mai, ta warware mata tuntaye ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar gaisuwa ƙasa-ƙasa in tana zaton ba mai ji.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi mata ba, farke shafin cikinta. A ƙarƙashin baƙin ƙyallen da aka yi wa jakar shafi da shi akwai wasu 'yan tudu-tudu a jere, in ka shafa za ka ji su. Gwaggo ta ɗauka layu ne, ta ce ba ruwanta da abin da Iya ta rufe.

To, bana da damina Allah ya yi wa Hajiya Nana Khadija rasuwa, sai maganar mai bi mata ta taso.

Jikokin Iya mata uku suka rage, kuma duk ukun a damina ɗaya aka haife su, shekara sittin da shida ke nan: Hajiya Baraka ta Damari, Hajiya Bilkisu ta Kankara, da Gwaggo Tani. Ita Gwaggo ba a ma sa ta a maganar ba. Tana jaririya uwarta ta tafi da ita wankan jego wurin danginta, ciwo ya riƙe su can, ba ta dawo ba sai tana da shekara huɗu, 'yar firit, kamar ka hure ta ta faɗi. Ta tarar da Baraka da Bilkisu ɓul-ɓul da su. Suka dube ta sama da ƙasa, suka ce, "Ke ce ƙarama." Shi ke nan magana ta zauna. Manya ba su gyara ba, don ba wanda ya tambaye su, har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar take ce musu Yaya, tana durƙusa musu, tana ɗaukar musu ƙunshin kaya in za a biki.

Suna kuma da abin tsokanarta. A danginmu kowa ya san dabbar da aka yanka masa ran suna, don abin tutiya ne. Hajiya Baraka farin rago balami aka yanka mata, wanda a bakinta kullum ƙara girma yake, yanzu ya kusa kai ɗan maraƙi. Hajiya Bilkisu uda aka yanka mata, rabi baƙi rabi fari. Tani kuwa a shekarar kasuwa ta juya wa Malam Yahuza baya, jan bunsuru ya iya samu. A duk jikokin Iya ita kaɗai aka raɗa wa suna da bunsuru. Shi ya sa har suka yi furfura, in sun gan ta sai su ce, "Ta-bunsuru, an tashi lafiya?" ita kuma ta rusuna ta ce, "Lafiya lau, Yaya."

Gaskiyar magana, ƙanƙantar ba ta dame ta ba, daɗinta ma take ji. A gidan biki, in an tara tsofaffi a ɗaka ana ba su kunu da tuwo mai ruwa-ruwa, ita tana tsakar gida cikin amare da 'yan mata, ana ƙunshi ana guɗa, tana gwaguyar ƙashi abinta. In aka ce, "Gwaggo, ba za ki shiga ciki ba?" sai ta ce ita yarinya ce, ga yayyenta can. In rigima ta taso a dangi ta ce manya su yi magana, ta koma wa jakunkunanta.

Tsakanin Hajiya Baraka da Hajiya Bilkisu ne ba a taɓa sanin babba ba. Da jakunkunansu suka zo bango, sai da Gwaggo ta auna da zare ta kafa ƙusoshi biyu kai ɗaya. Duk da haka, Hajiya Baraka in ta zo ziyara sai ta faki ido ta ƙulla maratayin jakarta don ta ɗan ɗara sama. Hajiya Bilkisu in ta zo ta kwance wancan ƙulli, ta ƙulla nata.

An yi sadakar uku da kwana ɗaya, wayar Gwaggo ta yi ƙara.

"Ta-bunsuru," in ji Hajiya Baraka, ana jin kukan awaki a bayanta, "ki kakkaɓe mani jakar Iya. An gama arba'in zan zo in ɗauki abata."

"To, Yaya."

Ba ta kai ga ajiye wayar ba sai ga kira daga Kankara.

"Halan waccan mai daddawar ta kira ki?" in ji Hajiya Bilkisu. "Kada ki kuskura. Ni ina zaune daram aka haife ta, da idona na ga ana yi mata wanka."

"Yaya, ai an ce a damina ɗaya ne..."

"Ni na yi saurin wayo."

Ranar Gwaggo ba ta iya cin tuwo ba, don ta san abin da kowace cikinsu take yi wa fata. Hajiya Baraka sana'arta daddawa, kuma a wurinta jaka da tukunya duk mazubi ne. Jakarta da ke bango, wata uku Gwaggo ta yi tana fama kafin ƙudaje su daina kawo mata ziyara. A cikinta an sami daddawa, da ɗanyen goro a jiƙaƙƙen ganye, da gashin ɗan tsako. Hajiya Bilkisu kuma tsabta ce ta yi mata yawa. Ba abin da ba ta wankewa da ruwan zafi da soso da sabulu ta shanya a rana, ta taɓa wanke rediyon mijinta. Jakarta da ta iso Daudawa ta ƙandare kamar ganda. In jakar Iya ta je Damari wari zai kashe ta, in ta je Kankara wanka zai kashe ta. Ta ko'ina Gwaggo ta duba, ba ta ga jakar ta kai wata shida ba.

Dangi suka sa Liman Yusha'u, autan jikokin Iya, ya raba gardama. Shi kuwa da shekara goma suka girme shi, bai ga haihuwar kowa ba. Ya ce a turo masa hoton katin zaɓe. Na Hajiya Baraka ya nuna ɗaya ga Janairu. Na Hajiya Bilkisu ya nuna ɗaya ga Janairu, shekara ɗaya. Ashe mai cike takardun duk wadda ta ce masa "da damina ne" ranar yake rubuta mata. Liman ya ce to kowace ta faɗi abin da uwarta ta gaya mata. Hajiya Baraka ta ce gero na fid da kai aka haife ta. Hajiya Bilkisu ta ce ita ana noman farko. Da Hajiya Baraka ta ji haka, ta ce ta tuna, ana shuka ne. Hajiya Bilkisu ta ce ita ran da aka yi ruwan fari. Kafin mako ya zagayo Hajiya Baraka ta kai haihuwarta tsakiyar bazara, Liman ya kashe wayarsa. Daga baya ya aiko cewa a haɗu a Daudawa ran Asabar, kashegarin sadakar arba'in, da hantsi, don kowa ya koma gida da sauran rana saboda halin hanya. In ba a sami hujja ba, ƙuri'a za a yi.

Ran Alhamis da safe Gwaggo ta jawo turmi ta sauko da jakar. Ta ce tunda rabuwa ta zo, bari ta yi mata gyaran da ba ta taɓa yi ba, ko ya ƙara mata kwana a hannun wadda za ta faɗa wa. Shafin ya riga ya ruɓe daga gindi, dole a sake shi. Ta yi alwala, ta yi bisimilla har sau uku saboda layun, ta sa bakin aska ta fara farkewa tana kawar da kai.

Da ta juyo ta duba, ba ta ga laya ko ɗaya ba. 'Yan guntayen fata ne da gashinsu, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, an ɗinke su a jere da zare guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ƙirga, goma sha huɗu. Jikokin Iya goma sha huɗu ne. Fatar dabbar suna kuwa a gidanmu rabon ungozoma ce. Ashe duk jikan da aka raɗa wa suna, sai Iya ta yanki ɗan guntu daga fatar ta ɗinka a cikin jakarta, wanda ya riga zuwa duniya ya riga shiga layi.

Ta nemo inda ɗinkin ya soma, 'yar baduku ba ta ɓatan ƙullin farko. Na farko baƙi ƙirin, baƙin ragon Yaya Gide ke nan, jikan fari, kowa ya san labarinsa. Ta bi da yatsa tana ambaton sunaye tana yi wa matattu addu'a, na biyu, na uku, ga na Hajiya Nana Khadija. Ta wuce na bakwai. Na takwas ja ne. Ja wur, mai gajeren gashi. Bayansa ne farin balami ya zo, da na uda wanda Iya ta yanko daidai inda baƙi ya haɗu da fari. Su biyun an ɗora ɗaya a kan ɗaya an soke su da ɗinki guda.

Gwaggo ta ajiye jakar. Ta sake ɗauka. Ta ƙirga daga farko, ta ƙirga daga ƙarshe, ta je randa ta sha ruwa ta dawo, bunsuru na nan a gabansu bai motsa ba.

"Shekara sittin da biyu," ta ce da bango, "ina durƙusa wa yara."

Da farko daɗi ne ya rufe ta, jakar Iya ba inda za ta. Sai kuma ta tuna ɗakin tsofaffi, da kunu, da tuwo mai ruwa-ruwa. Ta tuna babbar mace a dangi ba ta taka rawa, ba ta ƙunshi mai zane, kuma ita ake kai wa ƙarar duk wanda akuyarsa ta ci gonar ɗan'uwansa. Ga basilla a hannunta, ga sabon ƙyallen shafi a cinyarta. In ta rufe bakin nan, har abada ba mai sani, ta ci gaba da zamanta yarinya. Ta ma fara, har ta yi ɗinki uku. Sai idonta ya sauka a kan jakar Hajiya Bilkisu, wadda duk man kaɗen da ta sha bai gama sassauta ta ba. Ta dubi ta Hajiya Baraka, daidai lokacin wani ƙuda ya zo ya sauka a kanta kamar ya zo gaida tsohon sani. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya, ta farke ɗinkin ukun.

Ran Asabar Hajiya Baraka ta sauka daga bayan mashin da wani buhu a hammata, wai a ciki za ta sa jakar don kada ta yi ƙura, buhun kuwa tun daga zaure ya sanar da sana'ar mai shi. Hajiya Bilkisu ta iso a motar haya da sabon soso da sabulu a leda, ta ce ba ta shigar da abu ɗakinta sai ya ga ruwa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, matan dangi suka zazzauna, Liman ya zauna a kan buzu yana kallon ƙasa kamar wanda aka kawo a yi masa aski ba da sonsa ba.

Gwaggo ta fito da jakar a kan faifai. Abin da mutane suka fara lura da shi, ba ta durƙusa ba.

"Ta-bunsuru, gwiwa ce ta motsa?" in ji Hajiya Baraka.

"Gwiwa lafiya lau, Baraka."

Wata da ke dama fura ta saki ludayi.

"Wa? Wa kika kira?" in ji Hajiya Baraka.

"Liman, duba nan," in ji Gwaggo.

Ta buɗe bakin jakar ta nuna masa jeren, ta faɗi abin da ta gane. Liman ya sa tabarau, ya ƙirga a fili yana kiran sunaye, mata suna amsawa da "Allah ya jiƙan shi, Allah ya jiƙan ta." Da ya zo na takwas ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Hajiya Bilkisu ta leƙo ta kafaɗarsa. "A juye kika riƙe ta. Daga can Iya ta soma."

"In daga can ta soma," in ji Gwaggo, "to Yaya Gide ne auta, shi da ya goya ki a bayanshi kika yi mashi fitsari. Liman kau shi ne babban kowa."

Liman ya ce shi dai a rufa masa asiri, bai shirya ba.

"Wa ya ce ma bunsuru ne?" in ji Hajiya Baraka. "Ba a jan rago a duniya? Miƙo nan."

Ta karɓi jakar ta tura hancinta ciki. Mace ce da hancinta ya san aikinsa, daga bakin ƙofa take gane daddawar da ta kwana uku da wadda ta kwana huɗu. Ta shaƙa, ta ɗago, ta sake shaƙa. Kowa ya zuba mata ido.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Shi ne. Shekara sittin da shida bai huce ba."

"Ku da bakinku kuka tsare mata hujja," in ji Liman. "Da kun bar tsokanar nan tun kuna yara, da yau ba wanda ya tuna wa aka yanka wa bunsuru." Ya yanke cewa jaka ta Gwaggo Tani ce, aka shafa fatiha.

Gwaggo ta gyara tsayuwa tana jiran tashin hankali. Sai ta ga Hajiyoyin biyu sun dubi juna. Hajiya Bilkisu ta shafa kuncinta.

"Wato ni ban kai ta ba?"

"Ni da ma ina ji a jikina," in ji Hajiya Baraka tana miƙe bayanta, "ban tsufa yadda ake faɗi ba."

Kafin Gwaggo ta ankara sun zube a gabanta, gwiwoyi na ƙas-ƙas.

"Yaya Tani, ina kwana? An tashi lafiya, Yaya?"

"Ya ƙarfin jiki, Yaya? Ya tsufa? Kai, ku dube ta hwa, an bar tsohuwa tsaye! Ku kawo mata matashi!"

Aka zaunar da ita da ƙarfi, aka tokare mata baya. Hajiya Bilkisu ta sa a dama mata kunu, kada a cika tsami. Da aka kawo abinci, Hajiya Baraka ta sa hannu ta tsame naman da ke kwanon Gwaggo ta cinye, ta ce don haƙoran Yaya ta yi.

Gwaggo ta ce a ranta to bari ita ma ta ɗanɗana girman. Ta gyara murya.

"Baraka, ɗebo mani ruwa."

"To, Yaya." Ta juya. "Bilki, Yaya na son ruwa."

"Ke aka aika."

"Ni aka gaya wa in aiki ƙarama."

"Wace ce ƙaramar? Yaya, tunda ke ce babba kin ga haihuwarmu, ki faɗa mata."

Gwaggo ta ce ita lokacin ko wuyanta bai tsaya ba, amma ga abin da Iya ta bari. Ta nuna musu guntayen nan biyu da aka soke da ɗinki guda.

"Kun gani! Nawa ne a sama," in ji Hajiya Baraka.

"Naki a sama don daga baya aka ɗora shi. Nawa aka fara ajiyewa."

Liman ya lallaɓa ya ɗauki takalmansa. Daga bakin zaure ya ɗaga murya ya ce wannan shari'ar ta babbar dangi ce, shi ya sauke nauyinsa. Gwaggo ta jira, ta jira, ta tashi ta je randa ta ɗebo ruwanta da kanta.

Yau wata huɗu ke nan. Ta yi wa jakar Iya sabon shafi, amma ta bar masa baki da maɓalli biyu, don duk mai shakka ya zo ya buɗe ya shaƙa. Jakar ta koma ƙusarta dab da azara, duk Juma'a tana shan man kaɗe. Talata da Asabar wayar Gwaggo ba ta hutawa, Damari ta kira ta kawo sabuwar hujja, Kankara ta kira ta rushe. An kawo mata ƙarar akuya sau biyu. A bikin da aka yi a Faskari watan jiya a ɗaka aka ajiye ta da kofin kunu, tana jiyo guɗa daga tsakar gida, ƙafarta na motsi a ƙarƙashin zane. Ta taga ta hango Hajiya Baraka da Hajiya Bilkisu cikin 'yan mata, hannuwa a naɗe da lalle, suna gaya wa mutane yayarsu na ciki.

Tata jakar kuma, wata 'yar baƙa da ta yi shekaru a ƙasan nasu, ta ɗaga ta. Da kanta ta hau turmi ta kafa sabuwar ƙusa, taƙi ɗaya sama da ƙusoshin nan biyu, Malam Yahya na riƙe da turmin yana cewa a bi sannu, yanzu girma ya kama ta. Ƙusoshin biyu suna nan kai ɗaya yadda ta auna su. Sai dai masu su yanzu sun daina kwance ƙullin juna, kowace in ta zo ƙara nata take yi, maratayan sun zama ƙulli a kan ƙulli, jakunkunan na ta hawa. Saura yatsa uku su taɓo gindin tata. Gwaggo ta ce tana kallonsu, kuma akwai sauran ƙusa a gwangwani.